Daga «mai farfaɗiya» zuwa «tashin farfaɗiya»: dokokin jahohin Amurka da ƴan makaranta, 1895-2022

1. Gabatarwa

A shekarar 2018 majalisar dokokin jahar Kentaki, a ƙasar Amurka, ta amince da wata ƴar gajeriyar doka wadda ta ɗora wa makarantu nauyi uku. Su ajiye takardar da ke bayyana abin da za a yi wa yaro mai farfaɗiya idan ciwon ya tashi. Su tanadi aƙalla ma'aikaci guda wanda ya iya ba da maganin gaggawa. Sannan direktan lakwal da malamai su yi karatun awa guda a kan gane ciwon da taimakon farko. Kafin ƙarshen 2023, jahohi fiye da 20 daga cikin 50 sun yi irin wannan doka.

Wanda ya karanta ta bai san abin da ya gabata ba, zai ce ƙaramin abu ne, irin wanda a nan kudurin minista guda ya isa ya zartar daga Yamai har Difa. A Amurka ba haka tsarin yake ba. Sha'anin makaranta, da na aure, da na wanda ke da izinin ba mutum magani, duka suna hannun jahohi, kowace da majalisarta. Majalisun jahohin nan da yau suke koya wa malami yadda zai kwantar da yaro a gefensa, su ne dai shekaru ɗari da suka wuce suka hana masu farfaɗiya aure, suka killace su, suka ba likitoci izinin hana su haihuwa. Niyyarmu a wannan takarda ita ce mu bi sawun ciwon cikin rubutun doka. Tun da aikinmu nazarin harshe ne, za mu dinga tambaya: wace kalma doka ta zaɓa, kuma da wa take magana? Tsohuwar doka sunan wani jinsin mutane take kira domin ta ware su. Sabuwa kuwa abin da ke faruwa cikin ƴan mintoci take kira, kuma maganarta da babban da ke tsaye kusa da yaron ce.

2. Zamanin keɓewa

A ƙarshen ƙarni na 19 magani ɗaya ne mai ɗan amfani, wato burumid, wanda likitan Ingila Charles Locock ya ba da labarinsa a 1857. Yana rage tashin ciwon, amma yana kashe jiki, yana dusashe tunani, yana fesar da ƙuraje. Yaron da ya shekara yana shansa sai ya zama kamar dolo, masu kallo kuma su ɗora wa ciwon laifin da na magani ne. Wannan ya taimaka wajen kafa ra'ayin da ya mamaye likitancin lokacin, cewa farfaɗiya gado ce, kuma ƙanwar hauka da daƙiƙanci da ta'addanci ce.

Mafitar da aka fara samowa ba da mugun nufi aka kawo ta ba. A 1867 an buɗe gidan Betel kusa da garin Bilefel a Jamus, inda masu farfaɗiya ke zama tare suna noma da sana'a. Amurkawa suka kwaikwaya: jahar Ohayo ta buɗe nata gida a Galipolis a 1893, Niyu Yok ta buɗe na Craig a 1896. Sunan da suka ba waɗannan wurare shi ne wanda Faransanci ke cewa «colonie», kalmar da mu a nan muka sani da wata ma'ana. Abin da ya fi kusa da su a idon Bahaushe shi ne unguwar kutare ta bayan gari, sai dai wannan gwamnati ce ta gina ta, kuma shiga ta fi fita sauƙi. Akwai yara a ciki, akwai kuma azuzuwan karatu. Makarantar yaro mai farfaɗiya ta farko da jaha ta biya kuɗinta, a bayan shinge take.

A daidai lokacin ne aƙidar gyaran iri ta shigo, wadda Francis Galton ya raɗa wa suna a 1883, masu ita suna ganin za a iya tace al'umma kamar yadda makiyayi ke tace garke. A 1895 jahar Konetikat ta haramta aure ga duk mai farfaɗiya ko mai raunin hankali muddin matar ba ta kai shekara 45 ba, wanda ya karya dokar kuma kaso na aƙalla shekara uku. Iyakar shekara 45 ɗin ita ce ta tona nufin dokar: ba zaman auren ne ya dame ta ba, haihuwar ce. A 1903 majalisar tarayya ta sa masu farfaɗiya cikin jerin baƙin da ba za a bari su shiga ƙasar ba, kuma haka abin ya zauna har 1965.

Jahar Birjiniya ce ta fi cancanta mu tsaya a kanta. A 1910 ta kafa nata gidan keɓewa kusa da garin Lincbag, da sunan masu farfaɗiya, daga baya aka ƙara da «masu raunin hankali». A 1924 majalisarta ta yi dokar da ta ba shugabannin irin waɗannan gidaje ikon sa a yi wa mazauna aikin fiɗa mai hana haihuwa har abada, kuma farfaɗiya tana cikin cututtukan da aka lissafta. Domin a gwada ƙarfin dokar a gaban shari'a aka zaɓi wata yarinya mazauniyar gidan, Carrie Buck, wadda ba ta da farfaɗiya, kuma binciken masanin tarihi Paul Lombardo ya nuna daga baya cewa raunin hankalin ma ba ta da shi. Ranar 2 ga watan Mayu 1927 Kotun Ƙoli ta ƙasa, da alƙalai 8 a kan 1, ta ce dokar ba ta saɓa wa tsarin mulki ba. Mutane fiye da 60.000 aka yi wa wannan aiki a faɗin Amurka, wajen 8.000 daga cikinsu a Birjiniya kaɗai. Ba a soke dokar 1924 ba sai a 1974.

Mai karatu ya lura da ginin waɗannan dokoki. A cikinsu ciwon ba abin da ke samun mutum ba ne, shi ne sunan mutumin. Kalmar Ingilishi «epileptic», kamar takwararta ta Faransanci «épileptique», sifa ce da aka mayar da ita suna, aka jera ta da «mahaukaci» da «dolo» cikin jumla guda, waƙafi kawai ke raba su. Da an sa wa mutum wannan suna, doka ba ta sake tambayar ko sau nawa ciwon ke tashi, ko ya shekara goma bai tashi ba.

Game da lakwal ta gari, dokokin tilasta karatu na jahohi sun bar ƙofa a buɗe ga hukumar makaranta ta sallami yaron da ta ga bai dace da aji ba. Wata shari'a ta jahar Wiskonsin a 1919 ta nuna hujjar da ake kafawa. Yaron da aka kora ba farfaɗiya gare shi ba, wata shanyewar jiki ce mai sa shi dalalar da miyau da murguɗa fuska, kuma yana bin karatu daidai da tsaransa. Kotun jahar ta goyi bayan korar a kan cewa ganinsa yana tayar wa malamai da ɗalibai hankali. In an kori wannan saboda jin daɗin masu kallo, mai karatu zai iya ƙiyasta makomar wanda ya faɗi yana jijjiga a tsakar aji.

3. Magani ya riga doka

A 1912 Alfred Hauptmann ya gano amfanin fenobarbital, wanda a ƙasashen Faransanci aka fi sani da Gardénal. A 1929 Hans Berger ya buga sakamakon na'urarsa mai zana wutar ƙwaƙwalwa a takarda, a 1938 kuma Merritt da Putnam suka fito da fenitoyin, mai tsayar da ciwon ba tare da yawan sa barci ba. Daga nan ya zama sananne cewa tashin farfaɗiya rikicewar wutar ƙwaƙwalwa ce ta ɗan lokaci, kuma mafi yawan masu ita suna iya karatu da aiki. Doka dai ba ta motsa ba. A 1956 wani malamin shari'a, Roscoe Barrow, da wani likitan jijiyoyi, Howard Fabing, suka wallafa littafin da ya bi dokokin jahohi ɗaya bayan ɗaya. A shekarar, jahohi 17 na hana masu farfaɗiya aure, 18 kuma na da dokar hana su haihuwa. Littafin ya sa da yawa sun gyara, amma haramcin aure na ƙarshe sai a 1980 ya faɗi.

Ƙofar lakwal kuwa daga sama aka buɗe ta, ba daga jahohi ba. Bayan shari'o'i biyu da iyaye suka ci a farkon shekarun 1970, ɗaya a Pensilbaniya ɗaya a Washinton, majalisar tarayya ta yi sashe na 504 na dokar 1973, wanda ya hana duk ma'aikatar da ke karɓar kuɗin tarayya nuna bambanci saboda naƙasa. Sai dokar 1975, wadda ta ce kowane yaro mai naƙasa yana da haƙƙin karatu kyauta wanda ya dace da shi. Majalisar da kanta ta rubuta cikin dokar cewa yara miliyan guda ne a lokacin aka rufe wa ƙofar makarantun gwamnati gaba ɗaya. A 1990 aka ƙara da babbar dokar haƙƙin naƙasassu, wadda ɗaya daga cikin jagororinta shi ne Tony Coelho, ɗan majalisa daga Kalifoniya, mai farfaɗiya, wanda a ƙuruciyarsa ranar da aka gano ciwon ya rasa lasin tuƙi da hanyar zama limamin coci.

Nan ma kalma ta yi aikinta, ta wata fuskar da ba a zata ba. Waɗannan dokoki suna kare «mai naƙasa», saboda haka sai mutum ya fara tabbatar da cewa sunan ya hau shi. A 1999 Kotun Ƙoli ta yanke cewa a auna naƙasa bayan an yi la'akari da magani ko tabarau ko wani abin taimako. Ƙananan kotuna suka bi, suka riƙa ce wa ma'aikacin da aka kora saboda farfaɗiya ai ƙwayoyi sun kwantar masa da ciwon, don haka shi ba naƙasasshe ba ne, doka ba ta san da shi ba. A da an ce sunan ya manne masa ko da ciwon ya kwanta, aka hukunta shi. Yanzu an ce sunan ya sauka daga kansa, aka hana shi kariya. Sai a 2008 majalisa ta gyara, ta ce ciwon da ke zuwa yana tafiya a auna shi a lokacin da ya tashi.

4. Minti biyar a cikin aji

Haƙƙin zama a aji daban, abin da zai faru ranar da ciwon ya tashi daban. Hukumar lafiya ta Amurka ta ƙiyasta cewa a 2015 yara 470.000 ne ke da farfaɗiya, wato kusan 6 cikin kowane ɗalibi 1.000. Mafi yawan tashin ciwon yakan lafa da kansa cikin minti ɗaya zuwa uku, kuma abin da ake so daga wanda ke kusa ba shi da yawa: ya kawar da abin da zai ji wa yaron rauni, ya kwantar da shi a gefe, ya sa masa abu mai taushi ƙarƙashin kai, kada ya danne shi, kada ya tura masa komai a baki, ya duba agogo. Idan jijjigar ta wuce minti biyar, to haɗari ya shigo, domin tana iya ƙin tsayawa da kanta, kuma a nan ne ake bukatar maganin gaggawa.

Rigimar shekara ashirin a kan wannan magani aka yi ta. Wanda hukumar magunguna ta amince da shi a 1997 domin amfanin waɗanda ba likitoci ba, Diastat, ta dubura ake ba da shi. A gida uwa za ta yi ba wata damuwa. A lakwal kuwa ana nufin a tuɓe yaro ɗan shekara goma sha uku a cikin aji ko a filin wasa, kuma dokar aikin jinya ta jahohi da yawa ta ce malamar jinya kaɗai ke da izinin ba da irin wannan magani. Makarantu da dama, musamman na karkara, ba su da malamar jinya ta kullum; guda ɗaya ce ke zagaya makarantu uku ko huɗu. Sai ya zama maganin yana cikin kabad, yaron yana ƙasa, malamin aji yana jiran motar asibiti. Kalifoniya ta yi doka a 2011 da ta yarda a horar da ma'aikacin da ya ba da kansa ko da ba na jinya ba ne. Ƙungiyoyin malaman jinya suka yi adawa, kuma bai kamata a ɗauki adawarsu kishin sana'a kawai ba: sun ce maganin yana iya rage numfashi, kuma gwamnati na neman hanyar kauce wa ɗaukar ma'aikata. Iyaye suka ce yaronsu ba zai iya jiran kasafin kuɗi ba. Kowane ɓangare da gaskiyarsa.

Abin da ya sassauta rigimar daga ɗakin haɗa magani ya fito. A 2019 aka amince da Nayzilam, a farkon 2020 kuma da Valtoco, dukansu fesawa ake yi a hanci. A ganinmu ba a banza ba ne dokokin jahohi suka yaɗu a waɗannan shekarun: ya fi sauƙi ɗan majalisa ya ɗora wa malami fesa hanci da ya ɗora masa wancan.

Bayan Kentaki, a 2019 Indiyana da Teksas da Ilinoy suka yi nasu, Niyu Jarsi a watan Janairu 2020, Kalifoniya ta sake tata cikakkiya a 2022. Gidauniyar farfaɗiya ta Amurka, wadda aka kafa a 1968, ita ce ta rubuta samfurin da ake kai wa majalisu. Bayan horar da ma'aikata da ajiye takardar yaro da ba da magani, samfurin ya ƙunshi wayar da kan sauran ɗalibai, da kare ma'aikacin da ya taimaka da kyakkyawar niyya daga ƙara a kotu. Wannan na ƙarshe yana da nauyi a ƙasar da tsoron lauya kan sa mutum ya naɗe hannu. Takardar yaron kuwa, wadda likita da iyaye ke sa wa hannu, waɗanda suka san tsarin Faransa za su gane ta, domin ƴar'uwar «projet d'accueil individualisé» ce.

Ba duka jahohi suka ɗauki samfurin gaba ɗaya ba. Wasu sun tsaya ga horarwa, horarwar ma sau da yawa ta intanet ce, mutum shi kaɗai gaban kwamfuta. Awa guda ba ta mai da malami likita, kuma doka ba ta haifar da malamar jinya inda babu. Yaro biyu masu ciwo ɗaya, kogi ne kawai ya raba garuruwansu, ɗaya yana da kariyar da ɗayan ba shi da ita.

Duk da haka rubutun ya canza ƙwarai. Kalmar da ke kan gaba yanzu ita ce «seizure», wadda Faransanci ke cewa «crise», mu kuma muka fassara a nan da «tashin farfaɗiya». Mai aikatawa a jumlolin dokar ba yaron ba ne: makaranta za ta ajiye, malami zai koya, hukuma za ta tanada. Sannan sunayen dokokin kansu. Ta Kentaki tana ɗauke da sunan ɗalibar da ta yi ta zirga-zirga a majalisa har aka yi ta, Lyndsey Crunk. Ta Teksas «dokar Sam» ce, don tunawa da wata ɗaliba da ciwon ya yi ajalinta a 2016. Ta Niyu Jarsi «dokar Paul». A Birjiniya an yi tata a 2021 da sunan yara biyu, Jamie da Brie, gwamnan da ya sa hannu kuma, Ralph Northam, likitan jijiyoyin yara ne. Shekara guda kafin nan, a 2020, aka rufe tsohon gidan keɓewar nan na kusa da Lincbag.

5. Abin da ya shafi mai fassara zuwa Hausa

A watan Mayu 2022 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya amince da wani shiri na shekara goma a kan farfaɗiya, wanda ɗaya daga cikin manufofinsa shi ne kashi 80 cikin 100 na ƙasashe su yi ko su sabunta dokar kare haƙƙin masu ciwon kafin 2031. Hukumar ta ƙiyasta masu ciwon a duniya sun kai miliyan 50, kusan kashi 80 cikin 100 a ƙasashe marasa ƙarfi. Duk ranar da irin wannan rubutu ya iso makarantunmu, sai an faɗe shi da Hausa ga iyaye, ko da an rubuta shi da Faransanci, kuma a nan akwai abu biyu.

Na farko, gyaran da masu fafutuka a Ingilishi da Faransanci suka sha wahala a kansa, wato a daina cewa «épileptique» a ce mutum mai ciwo kaza, Hausa ta same shi a kyauta. Muna da kuturu da makaho da gurgu, sunaye masu haɗiye mutum ɗungurungum, amma a nan «mai farfaɗiya» muke cewa. Wannan bai hana a ja da baya daga yaron da ya faɗi ba saboda tsoron miyansa, alhali ciwon ba a ɗaukarsa ta miyau ko ta taɓawa. Ladabin kalma shi kaɗai bai isa kariya ba.

Na biyu ya fi wuya. «Farfaɗiya» daga «faɗi» take, an ninka gaɓar farko don nuna maimaituwa, daidai da tsohon sunan Faransanci «mal caduc», wanda shi ma daga faɗuwa yake. Sunan yana zana hoto guda: mutum a ƙasa yana jijjiga. To amma akwai tashin da babu faɗuwa a cikinsa. Yaro yana zaune a benci sai ya ƙura ido na daƙiƙa goma, alƙalami ya tsaya, ya dawo bai san abin da ya wuce ba, kuma hakan na iya faruwa sau da yawa a yini. Wani kuma sai ya riƙa taunar baki yana jan rigarsa, ana kiransa ba ya amsawa. Irin waɗannan ne horarwar Kentaki da Teksas ke son malami ya gane, domin su ne ake ɗauka rashin natsuwa ko taurin kai. Mai fassara da ya rubuta «farfaɗiya» ya wuce, mushen lakwal zai ci gaba da jiran yaron ya faɗi. Dole ne takardar Hausa ta kwatanta kowane iri da jumlarsa: wanda ke faɗuwa, wanda ke ƙura ido, wanda ke motsa baki da hannu bai sani ba, kowane da abin da za a yi masa da mintin da za a fara ƙirgawa.